Ganyen dogon yaro da zogale: da gaske suna kare ƙoda lokacin palu?

Uwar_Biyu_Birni:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema, dan Allah wanda ya sani ya yi magana.

Bara cikin watan tara babban ɗana mai shekara shida ya kwanta da palu, wato zazzaɓin cizon sauro. Kwana biyu muna ba shi farasitamol muna cewa zai sauka. Ran na uku da asuba ya kasa tashi, na kawo mishi fo, da na duba sai na ga fitsarin kamar shayin farko, wanda ya daɗe kan gawayi. Daga nan kuma ya ɗauke gaba ɗaya. Kwana tara muka yi a asibiti. An yi allurai, an ƙara mishi jini leda ɗaya, lokotoro ya ce ƙoda ta taɓu amma Allah ya sa ba ta kai ga wanki ba. An ba ni gorar ruwa da aka yanke wa kai, aka ce duk abin da ya fitar in tara in nuna wa ma'aikaciyar da ke kwana. Haka na zauna ina gadin gora. Daren da ta kai rabi sai da na yi kuka.

Yanzu ƙanwarsa mai shekara uku ta fara zafin jiki jiya. An yi awo a CSI, ƙaramin asibitin unguwa, an ce palu ne, an ba mu Coartem. To ga wani saƙon murya yana yawo a WhatsApp, wai turawa sun yi bincike sun tabbatar ruwan ganyen dogon yaro da na zogale yana kare ƙoda daga palu. Uwar mijina ta ji, tun da safe ta tsinko ganye ta jiƙa a ƙwarya, ta ce a haɗa wa yarinyar da ƙwaya. Da gaske akwai binciken? In ba ta ko in hana?

Sabara_Zango:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba ta lafiya. Ke kuwa mene ne abin tambaya? Mu da dogon yaro aka raine mu. Jiki na yin zafi inna za ta dafa ganye, a lulluɓe ka da bargo ka yi sirace sai gumi ya karyo, a ba ka rabin moɗa ka kurɓe. Ga mu nan da ƙodarmu garau. Ki bi maganar tsohuwa.

Majo_Mai_Ritaya:
Ɗiyata, ki lallashi Hajiya cikin ladabi, amma kar jiƙon nan ya shiga bakin yarinyar.

Coartem sha shida ne cikin kwana uku, kuma kowane sha sai ya zauna a ciki kafin ya yi aiki. In kika ɗura wa 'yar shekara uku abu mai ɗaci irin dogon yaro, me kike jira in ba amai ba? Ta amayar da jiƙon, ta amayar da ƙwayar, ta amayar da ɗan ruwan da ya rage mata a jiki. Rashin ruwan nan kuwa yana cikin manyan hanyoyin da palu ke bi ya kai ga ƙoda.

Ki ba ta ƙwayar da ɗan nono ko madara, maganin yana son maiƙo kafin jiki ya karɓe shi sosai. In ta amayar nan take ki sake ba ta wani, ki koma CSI a cika miki abin da ya ragu. Ruwa kaɗan-kaɗan, a kai a kai. Sannan aikin da kika riga kika iya: ido kan fitsari. In ya yi duhu, ko ya ragu ƙwarai, ko ta ƙi shan komai, ko ta fara jijjiga, ko barcin da ba a iya tashinta, ko ƙarfe biyun dare ne ku kama hanya.

Ɗalibi_Kimiyya:
Yaya, in amsa tambayarki kai tsaye: akwai binciken. Mai saƙon ya faɗi rabi ne ya haɗiye rabi. A ƙasar Tailan an buga irinsa a 2015 kan ganyen dogon yaro, kafin nan an yi na koren shayi, an kuma gwada zogale. Duka a kan ɓeraye.

Ga yadda ake yi. A sa wa ɓeran ɗakin gwaji ƙwayar palu irin ta ɓeraye, Plasmodium berghei, wadda aka fara ganowa a jikin ɓerayen daji a Kwango a 1948. Tamu da ke kashe yara a nan falciparum ce, daban take. Sai a busar da ganye, a niƙa, a tatso abin da ke cikinsa, a ƙafar da ruwan har ya zama gari, a auna a sikeli, a ɗura wa kowane ɓera daidai nauyinsa. Bayan 'yan kwanaki a ɗebi jini a duba kiriyatinin da ure, wato dattin da ƙoda ke fitarwa. In jinin waɗanda suka sha ya fi na sauran tsabta, a rubuta cewa akwai alamar kariya.

Alama ce mai daɗin ji. Amma daga ɓera mai giram 25 zuwa yarinya mai kilo 13 da sauran rina a kaba. Kuma garin da aka auna a sikeli daban, ƙwaryar Hajiya daban.

Sabara_Zango:
To ai kun ji da kunnenku. Ɓera ma ya amfana, balle ɗan Adam.

Kabukabu_Dole:
Sabara, ɓera yana cin sabulu ya kwana lafiya, kai ma gwada mu gani 😂

Jikan_Wanzami:
Ku yi dariyarku. Abin da ke ƙona mini rai shi ne duk lokacin da aka ambaci itace sai 'yan boko su ɗaga hanci. Kinin da ya yi shekaru aru-aru ana maganin palu da shi daga ina ya fito? Ɓawon itace ne na Kudancin Amurka, wasu Faransawa biyu suka tace shi a 1820. Coartem ɗin da Baba Majo yake cewa a sha, rabinsa daga ganyen ƙasar Sin ne. Nasu ya shiga kwali ya zama magani, namu yana ƙwarya ya zama guba?

Kakana wanzami ne a wani ƙauye gabas da Miriya, na tashi ina riƙe mishi zabira. Ban taɓa ganin ya ba yaron goye abin da yake ba babba ba. Yana da ƙaramin ludayi da ya yi wa tsaga uku a ciki da aska, ta ƙasa ta yara, ta tsakiya ta mata, ta sama ta magidanta. In an kawo mai masassara zai ja fatar idonsa ya duba, ya tambayi launin fitsari. In ido ya yi rawaya ko fitsari ya yi baƙi sai ya maida ludayinsa zabira ya ce, "Wannan ba nawa ba ne, ku nemi mota." Su ne masu maganin gargajiya. Masu ɗaure lasifika kan mota ran Alhamis a kasuwa, suna cewa gora ɗaya tana maganin cuta arba'in, su suka ɓata mana suna.

Majo_Mai_Ritaya:
Jikan Wanzami, Allah ya jiƙan kakanka. Da duk irinsa ne da aikinmu ya yi sauƙi. Ka lura da abin da ka faɗa da bakinka: daidai inda ƙoda ta shiga zancen, nan ya cire hannunsa.

Malama_Labo:
Bari in ɗan faɗi abin da ke faruwa a ciki, don a gane me ake cewa ganyen zai kare.

Ƙoda rariya ce mai ƙananan ramuka, jini na bi ta cikinta dare da rana. Palu mai tsanani yana cin ta ta fuska uku. Jajayen ƙwayoyin jinin da cutar ta shiga suna yin danƙo, su manne a ƙananan jijiyoyi su toshe hanya. Zafin jiki da amai da gudawa suna ƙafar da ruwa, jinin da ke isa ƙoda ya ragu. Na uku shi ne wanda Uwar Biyu ta gani a fo: ƙwayoyin jini suna fashewa da yawa lokaci guda, jan sinadarin da ke cikinsu, mai ɗauke da ƙarfe, ya tsiyaye cikin jini. Ƙoda ta yi ta fama ta fitar da shi, shi kuma yana cin bututunta kamar yadda tsatsa ke cin kwano. Shi ya sa fitsari ke komawa launin shayi. Waɗanda aka haifa da ƙarancin wani sinadari da ake kira G6PD jininsu ya fi saurin fashewa, kuma suna da yawa a cikinmu, galibi maza.

Masu binciken ganye wannan tsatsar suke hari. Ganyaye da yawa suna da sinadaran da ke rage ta, shi ya sa ake ganin sakamako a ɓera. Tunanin ba na banza ba ne.

Abin da nake so iyaye su sani: ba baƙon abu ba ne. A binciken da aka yi a Yuganda kan yaran da aka kwantar da palu mai tsanani, daga kashi ɗaya cikin uku zuwa kusan rabi an samu ƙodarsu ta taɓu. Kuma kiriyatinin yana makara, sai ɓarna ta yi nisa yake hawa. Sau nawa nake juya jini a inji, in ga lamba ta haura, in leƙa takarda in ga an rubuta kwana biyar ko shida da fara ciwo. Uwa mai kallon fo takan riga injina gani.

Inna_Ta_Magarya:
Ni yarona fitsarin jini yake tun rani, amma ba zazzaɓi. Shi ma palu ne ya taɓa ƙodar?

Malama_Labo:
Inna, yana wanka a tafki? In jan jini ne da ke fitowa a ƙarshen fitsari, ya fi kama da tsargiya. Ki kai fitsarinsa a duba, maganinta ƙwaya ce ta sha ɗaya. Na palu duka fitsarin ne ke yin duhu, kuma yaron yana kwance jigum.

Inna_Ta_Magarya:
Kullum yana tafki, kamar ɗan agwagwa. Na gode ɗiyata.

Ɗalibi_Kimiyya:
In koma kan maganar Kawu Jikan Wanzami, labarin ganyen Sin ɗin yana goyon bayansa, yana kuma goyon bayan Baba Majo. Gwamnatin Sin ta kafa aikin a 1967. Wata mata mai suna Tu Youyou da abokan aikinta suka tattara magungunan gargajiya sama da 2,000, suka gwada ɗaruruwa. Ganyen Artemisia annua da farko yau ya yi aiki gobe ya ƙi. Sai ta koma wani tsohon littafin likitancinsu na ƙarni na huɗu, ta ga an ce a jiƙa a matse a sha, ba a ce a dafa ba. Ta gane zafi yana lalata abin. Da suka tace shi ba tare da wuta mai yawa ba, samfuri na 191 ya kashe ƙwayar kaf a jikin ɓeraye, a 1971. Ta sha da kanta kafin a ba marasa lafiya. An ba ta kyautar Nobel a 2015.

Kun ga ilimin tsofaffi ne ya nuna hanya. Kun kuma ga ganye ɗaya, dafawa da jiƙawa kaɗai sun raba magani da ruwan banza.

Hajiya_Sabongari:
To tazargade fa? Lokacin korona kowa ya ce ita ce wannan ganyen na Sin. Ni har yanzu ina da ƙulli a ɗaki.

Ɗan_Farmasi:
Hajiya, dangi ɗaya ne amma Artemisia iri-iri ce, ɗaruruwa, kuma ba kowace ke da sinadarin da yawa ba. Ko ta Sin ɗin ce, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da matsaya a 2019 cewa kar a yi maganin palu da shayinta ko garinta. Abin da ke cikin kofi bai isa ya kashe ƙwayar duka ba, wadda ta tsira kuma ta koyi jure maganin. An riga an ga alamun wannan juriya a Ruwanda da Yuganda da Eritiriya. In ta iso mana, allurar artesunat da ta ceci ɗan Uwar Biyu ita za ta fara rauni.

Tunda ana zancen ƙoda, ni abin da ya fi ba ni tsoro ba ganye ba ne ma. Masu tallan ƙwayoyi a faranti ne. Mutum yana masassara, ya yi kwana biyu yana amai, sai ya sayi ibuprofen ko diklofenak na dala ashirin don ciwon gaɓoɓi. Waɗannan suna rage jinin da ke shiga ƙoda, a jikin da ruwa ya riga ya ƙare. Wani ma biyu-biyu yake haɗawa ya kora da shayi.

Abin mamaki kuma, wanda aka gwada a jikin mutane aka ga alamar yana kare ƙoda shi ne farasitamol ɗin nan da muka raina. An yi ƙaramin gwaji a Bangaladash, aka buga a 2018, kan masu palu mai tsanani, aka ga ya taimaka musamman ga waɗanda jininsu ya fashe da yawa, don yana rage waccan tsatsar da Malama ta faɗa. Da aka sake gwaji mafi girma a Maleshiya kan wani nau'in palu, ba a ga bambanci a jimillar marasa lafiyan ba. Kun ga ko wanda aka san awonsa sarai bai gama cin jarrabawa ba. Kuma kar wani ya ji haka ya wuce ƙa'ida, yawansa hanta yake ci.

Uwar_Biyu_Birni:
Wayyo, ni da na yi ta zargin kaina cewa farasitamol ɗin da na ba shi bara ne ya jawo.

Majo_Mai_Ritaya:
Ba shi ba ne, ɗiyata. Kwana biyun da ƙwayar cutar ta samu tana hayayyafa ba tare da maganinta ba, su ne. Farasitamol yana sauke zafi, ba ya kashe ta. Kuma ki daina zargin kanki, bana ai ran farko kika kai.

Ɗan_Gure_A_Yamai:
Ku bari in ba ku nawa. Mahaifina yana wankin ƙoda shekara ta uku ke nan. Hawan jini ne asalin nasa, amma palun wata damina ce ta ƙarasa shi. Ranar da aka fara wankin, lokotoro ya zaunar da mu ya lissafa abin da zai rage ci ƙwarai: ayaba, dabino, ganyaye irin su zogale, ga gishiri da kanwa. Tsohon ya ce, "Zogalen ma?" Shi da kullum da yamma sai an kwaɗa mishi da ƙuli. Aka ce ganyen yana da sinadarin fotasiyam da yawa. Mai lafiyar ƙoda yana fitar da shi a fitsari ba tare da ya sani ba, wanda tasa ta tsaya kuwa taruwa yake yi a jini har ya iya tsayar da zuciya.

Don haka duk mai cewa zogale abinci ne ba ya cutarwa, gaskiya ne, ga mai fitsari. In fitsari ya ɗauke lissafi ya canja. Kuma kusan duk jiƙon da na sani a gidajenmu sai an jefa 'yar kanwa.

Sabara_Zango:
Allah ya ba Baba lafiya. Amma fa ku daina tsorata mutane. Kakannin kakanninmu da dogon yaro suka rayu kafin a san wani abu wai shi asibiti.

Tsohon_Malamin_Lakwal:
Sabara ƙanena, a nan kam ka zame. Dogon yaro baƙo ne, daga Indiya ya fito, zamanin mulkin mallaka aka baza shi a ƙasashen nan don inuwa da itacen wuta. Kakannin kakanninka a Damagaram ba su san shi ba. In kana neman na gado ka ce sabara mai sunanka, ko marke, ko maɗaci, ko rawaya. Kuma waɗanda suka sha suka rayu su ne ke ba da labari. Ka tambayi tsofaffin gidanku 'ya'ya nawa kowace ta haifa, nawa suka yi saura.

Sabara_Zango:
Malam, rai ai na Allah ne.

Tsohon_Malamin_Lakwal:
Babu shakka. Shi ne kuma ya ce a nemi magani.

Ɗan_Farmasi:
Ƙari kan dogon yaro: man 'ya'yansa kar a kuskura a ba jariri. A Indiya da Maleshiya likitoci sun rubuta yaran da aka ba suka kama amai da jijjiga har suma. 'Ya'yan rai-ɗore ma sun kashe yara a arewacin Indiya, hanta da ƙwaƙwalwa suke taɓawa, alhali ganyensa mu nan dafa shi ake don masassara.

Wanda ya fi dacewa da zancenmu shi ne abin da ya faru a Beljiyam farkon shekarun 1990. Wani asibitin rage ƙiba ya ba mata haɗin ganyen Sin, aka yi kuskure wani tsiro dangin Aristolochia ya shiga ciki. Mata sama da 100 ƙodarsu ta lalace, da yawa sai wanki ko dashe, wasu daga baya kansar hanyoyin fitsari ta biyo. Dangin wannan tsiron muna da shi, shi ne duman dutse, wasu su ce maɗacin ƙasa. In an daka saiwa ta zama gari a ƙulli, wa zai gane me ke ciki?

Jikan_Wanzami:
Duman dutse na san shi, ana ba da shi don ciwon ciki da saran maciji. Wannan magana taka ta girgiza ni, zan kai ta gaban baffana. Amma ka ga ai ta dawo kan abin da nake faɗa: ku zo ku zauna da mu, ku auna, ku ce wannan a ci gaba, wannan a bari. Zagi daga nesa ba ya gyara komai.

Kabukabu_Dole:
Wasa a gefe. Damina biyu da suka wuce na ɗauko wani magidanci daga bakin tasha, ƙanensa na riƙe da shi a baya, mu uku kan babur. Ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga, a hannu ƙanen ya riƙo su. Yana ta shaƙuwa, numfashinsa wani irin wari. A hanya ƙanen ke gaya mini kwana takwas yana masassara, sun sayi gora biyu ta jiƙo wajen wani mai mota jika ɗaya da rabi, da fitsari ya ɗauke sai mai maganin ya ce a ƙara, wai dattin ne ke taruwa kafin ya fito. Kwana uku ba ɗigo. Na sauke su ƙofar asibiti ban karɓi ko dala ba. Ban san yadda suka ƙare ba, amma har yau in na bi ta wajen sai na tuna takalman nan.

Hajiya_Sabongari:
Innalillahi. To in fitsari ya tsaya ba sai a yi ta ɗura ruwa ba, ko a sa leda biyu uku ya wanke?

Majo_Mai_Ritaya:
A'a Hajiya, nan ma da awo. In ƙoda ta rufe, ruwan da aka ɗura ba shi da mafita, sai ya tafi huhu. Mu ma ma'aikata mun sha mamaki a 2011, da aka yi babban gwaji kan yara sama da 3,000 a Yuganda da Kenya da Tanzaniya, aka ga waɗanda aka zuba wa ruwa da sauri a jijiya sun fi mutuwa. Dangi su kan matsa mana, "Majo a ƙara mishi ruwa," kamar ledar ce maganin. Shi ya sa aka ba Uwar Biyu gora, don a san abin da ya fita kafin a san abin da za a zuba.

Abin da ya canja mana aiki da gaske artesunat ne. Da kinin muke yi, awa huɗu leda tana ɗiga, ga sukarin jini yana faɗuwa, ga kunne yana ƙara. A 2010 aka buga gwajin yara sama da 5,000 a ƙasashen Afirka tara, mutuwa ta ragu da kashi 22 da ɗoriya cikin ɗari in an kwatanta da kinin. Kuma jikan ganye ne, Jikan Wanzami, ban musa maka ba.

Maman_Kantche:
Ni tambayata, yarinyar ba ta sha ƙwayar rigakafin damina ba? Masu bi gida-gida sun zo mana tun watan bakwai. Daga wata uku zuwa shekara biyar ake ba su, wata-wata har damina ta fita. Ga sange kuma, wasu an ba su sun kai lambu sun rufe tumatir.

Uwar_Biyu_Birni:
Ta sha zagayen farko. Na biyu muna ƙauye wajen biki, muka dawo sun wuce. Sange kam muna ciki, amma zaman tsakar gida bayan magariba fa?

Mai_Kula_Da_Zaure:
Jama'a a dawo kan tambaya, zancen sange mu buɗe mishi nasa.

Tsohon_Malamin_Lakwal:
To in dawo. Abin da Jikan Wanzami yake nema an taɓa yin sa a maƙwabta. A Mali akwai sashen gwamnati na maganin gargajiya a Bamako. A wani ƙauye na yankin Sikaso masu bincike suka zauna da mai maganin garin, suka ɗauki dafaffen ganyen da yake bayarwa, wani tsiro mai ƙaya da rawayen fure da ake kira Argemone, suka gwada shi gefe da gefe da maganin asibiti kan masu palu marar tsanani. An buga sakamakon a 2010: kashi 89 cikin ɗari na masu shan ganyen ba su buƙaci wani magani ba, na asibiti kashi 95. Ba a ce ya fi ba, ba a kuma gwada shi don ƙoda ba, kuma 'ya'yan tsiron guba ne. Amma an auna, an rubuta, an san iyakarsa.

Mu muna da Jami'ar André Salifou a garin nan na Damagaram, muna da babban asibiti mai sashen ƙoda, muna da masu magani a kowace unguwa. Nijar kuma tana cikin ƙasashe huɗu da ke ɗauke da ɗan sama da rabin mutuwar palu ta duniya. Me ya sa sai mun jira ɓerayen Tailan su gaya mana abin da ke cikin sabara?

Jikan_Wanzami:
Malam, tsoron tsofaffinmu ɗaya ne: a karɓi sirrin a tafi da shi, gobe ya dawo cikin kwali da tsada, sunan mai shi ko a bayan takarda babu.

Ɗalibi_Kimiyya:
Wannan tsoron yana da tushe, Kawu. Amma kuɗin gwajin ma fa ba wasa ba ne. Mu a ɗakin gwajinmu wani lokaci wuta kaɗai ta ishe mu.

Uwar_Biyu_Birni:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka. Ga yadda aka ƙare a gida. Ban iya fuskantar Hajiya ni kaɗai ba, sai na sa babansu ya karanta mata maganar Baba Majo da ta takalman nan. Ta yi shiru, can ta ce ita ba ta ga abin da ɓera ya sani da ita ba ta sani ba. Amma ta yarda ba za a ɗura ba. Ta ce to a yi mata sirace da shi, zogalen kuma in ta warke a kwaɗa mata. Yarinya ta sha na huɗu yanzu da nono, zafin ya sauka, ta yi fitsari sau uku tun safe, fari tas.

Majo_Mai_Ritaya:
Alhamdu lillahi. Siracen ma a bar shi, yarinya ƙarama ce, ga haɗarin ƙuna ga gumin da zai ƙara ƙafar da ita. In Hajiya na so, a sirka ruwan ganyen ya yi ɗumi-ɗumi ta goge mata jiki da hannunta, kowa ya samu nasa. Saura sha biyu, kar ki tsaya don kin ga ta tashi tana wasa.

Sabara_Zango:
Allah ya ƙara sauƙi. Ni dai babba ne, tukunyata tana kan wuta.

Malama_Labo:
Sabara, ka yi awo tukuna kafin ka sauke ta. Uwar Biyu, shi babban tun da aka sallame ku an sake duba ƙodarsa? Yaron da ta taɓa taɓuwa ana so a waiwaye shi ko ya warke, a auna kiriyatinin da hawan jini, a duba fitsari.

Uwar_Biyu_Birni:
Wallahi ba mu koma ba, ganin ya miƙe. Ran Litinin in sha Allah zan kai shi. Da azumi ake zuwa ko zai iya shan kununsa?

Malama_Labo:
Ya sha kununsa. Ki taho da tsohuwar takardar sallama in tana nan, don a gwada lambar bara da ta bana.